Fitilar Da Aka Yi Ta Kashewa

Shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Yamai, bayan daminar da hatsi ya bushe bai fidda kai ba, ita ce shekarar da muka sayi mota. Shanu huɗu suka rage mana, ni da yayana, kuma babu ciyawa daga Tchaké har Mayahi. Muka sayar da su tun ba su faɗi ba, muka sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Ni ke tuƙi, ina ɗauko dusa da hatsi daga Tasawa ina kai wa kasuwannin ƙauye. Gida biyu ke ci daga gare ta.

Wata rana a hanya wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na kai wa makanikin da ke bakin tasha a Tasawa.

Na ce, "Mi take nufi?"

Ya ce, "Ba ta nufin komi, Malam. Motar ta saba da esans ɗin famfon gidan mai, ka ba ta na kwalba, ta yi fushi."

Ya cire kan batir, ya zauna ya sha shayinsa, ya mayar. Fitila ta mutu. Haka ake yi wa kowace mota a tashar, ban taɓa ganin wanda ya tambayi dalili ba.

Kafin kasuwa ta zagayo ta sake kamawa. Na koma, ya sake cire batir. Na daina sayen na kwalba, na koma na famfo, duk da haka ta kama. Na ce masa ya buɗe ya duba mini ciki da kyau. Ya san na fara zuwa lakol, ajin manya na koyon karatu, sai ya juya wajen direbobi.

"Ku ji mini! An shiga lakol da furfura, yanzu har fitila ake so a karanta!"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma raina bai so ba.

Na gaya wa yayana akwai masu na'ura a Maraɗi, ana jona ta da mota ta faɗi ciwon.

Ya ce, "Motar tana tafiya?"

Na ce, "Tana tafiya, Yaya, sai dai ƙarfinta ya ragu."

"To in ka kai ta Maraɗi ta kwana, yaran nan mi za su ci? Bar ta sai kaka."

Zuwana na ƙarshe, makanikin ya gaji da ni. Ya zura hannu bayan gilashin, ya zare ƙwan fitilar, ya miƙo mini. "Ga abokiyar faɗanka, tafi da ita gida."

Ba mu kai kaka ba. Ta fara shan mai, ta fara hayaƙi, sannan ta tsaya cikin rairayi kusa da El Allassane Maïreyrey, da kaya a bayanta. Da aka jawo ta wajen makanikin aka buɗe, ashe robar da ke kai iska cikin inji ce ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Duk yashin da na bi, injin yana sha. Makanikin ya sa yatsa a tsagar, ya fito da yashi. Robar kuwa, ga irinta rataye a ƙusa bayan kansa.

Abin da ya tafi: shanu huɗu, inji ɗaya, buhun dusa shida da ruwan farko ya jiƙa a inda ta tsaya, da noman shekarar, don babu abin jan garma.