Batirin Maƙwabci

Shekarar da kunnen Baba ya fara mutuwa, mota ce ta zama ɗakin hirarsa. Yayata tana aure a Maiduguri, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, sai dai ta turo saƙon murya. In na kara masa waya a kunne ba ya jin komai. Shi ya sa na sa aka ɗaura wa tsohuwar motata amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sifika ƙarfi. In na ƙure sauti yakan ji ta, har ya riƙa amsawa.

Sai amfilifayar ta ƙone. Na sa wata, ita ma ta bi sahu, mota duk ƙaurin roba. Mai gyaran wutar mota a Kongo ya canja fis, ya ɗora mita a kan batir, ya ce, "Malam, wuta ce ke yin tsalle, amma a gabana lafiya lau take." Na bar masa motar, na karɓo, na mayar. Ban yi fushi ba, ban ma ji komai ba. Zuwa nake kawai, kamar mai kai markaɗe. Saƙonnin Yaya kuwa suna ta taruwa a waya.

Lungunmu a Ƙofar Jatau mota ba ta shiga. A bakin hanya nake ajiye ta, makulli a hannun maƙwabcinmu, wani tsohon direba, ko za a buƙaci matsar da ita. Wata safiya na fito da wuri, na tarar ya buɗe bonet. Ashe batirina ya yi sanyi tuntuni. Duk ranar da motar ta ƙi tashi sai ya ɗauko nasa ya tayar, injin na aiki ya zare, ya mayar da nawa. Bai taɓa gaya mini ba.

"Alhaji, dama haka kake yi?"

"To, da ɗawainiyar babanka za ka ji ko da batir? Ai mu haka muka taso muna yi."

Na yi masa godiya. Da na gaya wa mai gyara, ya ce nan gizo ke saƙa: batir ne ke shanye rarar wutar da injin ke bayarwa, in aka zare shi sai ta afka wa duk abin da ta samu. Na sayi sabon batir da wata amfilifayar. Kafin a gama wannan zirga-zirga damina ta shiga ta fita.

Bayan la'asar na riƙo Baba har bakin hanya, na zaunar da shi a gaba. Na kunna saƙon farko, na ƙure. Muryar Yaya ta cika unguwa, tana gaishe shi, tana tambaya ko yana cin abinci. Masu alwala a ƙofar masallaci suka tsaya da buta a hannu. Baba yana zaune, hannu a gwiwa, yana kallon gilashi.

Can ya ce, "Kai, kunna mana."

Na dubi fuskarsa. Yaya tana cewa ya yafe mata rashin zuwa.

"Har yanzu ba ta gyaru ba?"

Na girgiza kai yadda zai gani. Ya ce ba komai, a mayar wa mai gyara, zai jira. Na kashe, na taimaka masa ya sauko.