Ragon da Malam Gilbert Ya Zaɓo

A Kagoma, idan ruwa ya ɗauke, dawa ta sunkuyar da kai, ƙamshin sabuwar doya ya cika gari, Mama Afiniki ce ke fara kwance tumakinta daga turke. Duk damina suna ɗaure saboda gonakin mutane. Ranar da aka sake su, sai ka ga tsoffin tumaki suna tsalle kamar 'yan makaranta ranar hutu, ita kuma tana tsaye a ƙofar gida tana kiran kowace da sunanta.

Da tunkiya ɗaya ta fara. Uwarta ce ta ba ta ranar aurenta, shekara arba'in da suka wuce, fara mai baƙin kunne. Garken ya yi yawa, ya ragu, ya sake yin yawa. Wasu sun tafi bikin 'ya'ya, wasu ciwo ya kwashe. Daga jinin waccan ta farko saura tunkiya ɗaya tak, Mai Tabo, ita ma haƙoranta sun fara zubewa. 'Ya'yan da ta haifa duk raguna ne. Idan ba ta ɗauki ciki a kakar bana ta haifi mace ba, kyautar uwa ta ƙare ke nan.

Ragon gidan kuwa ɗan Mai Tabo ne, ba a haɗa shi da ita. Sai aro. Yayan Afiniki, Ishmael, yana da raguna a Samaru Kataf, amma makon da ya kamata ta je ya faɗo daidai da taron Zumuntar Mata a Kafanchan, kuma ita ce mai jan waƙa. Dole ta aiki mijinta.

Malam Gilbert ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Ya san sunan kowane kogi a taswira. Ƙasan rago ne bai taɓa leƙawa ba.

"Baban Serah, ka duba da kyau fa," in ji ta.

"Ni da na duba takardun yara dubu? Rago ɗaya ne zai gagare ni?"

Ya isa ya tarar Ishmael yana gona. Matarsa Doreen ta buɗe masa garke ta ce ya zaɓa. Ya zaɓi mafi ƙiba, fari sol, mai tafiyar ƙasaita, aka ɗaure shi a kan babur har Kagoma.

Kwana shida ragon ya yi yana cin harawa da dusa. Mai Tabo ta yi ta zagaya shi tana kaɗa wutsiya. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Afiniki ta dawo da maƙogwaro a dishe, ko ɗankwalin zumunta ba ta cire ba ta nufi garke. Ta durƙusa, ta leƙa, ta daɗe a haka.

"Malam."

Idan ta ce Malam, ya san akwai magana.

"Ya ka gan shi? Natsattse, ko? Ba ya neman faɗa da kowa."

"Ina zai nemi faɗa? Dandaƙaƙƙe ne! Na Kirsimeti ne Yaya ke kiwo. Ka kawo wa tunkiyata ɗan'uwa a cikin Ubangiji!"

Malam ya gyara tabarau, ya durƙusa shi ma. Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa.

Lokacin Mai Tabo ya riga ya wuce, sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki zai dawo. Afiniki ba ta jira ba. Washegari ta hau babur da kanta, farin rago a tsakaninta da mai babur. Ishmael ya yi dariya har ya zauna a kan tarin doya. Ya jawo mata wani siriri mai ƙaho ɗaya, mai wari, wanda ya tunkuyi mai babur tun kafin a ɗaure shi.

"Wannan mummunan?" in ji Malam da ya gan shi.

"Ba hoto za mu ɗauka ba."

Mummunan ya san aikinsa. Afiniki ta ware su a bayan rumbu, tana ba Mai Tabo jiƙaƙƙiyar dusa da kanwa saboda haƙoran. Ta adana harawar wake a kan rufi don rani, ta bi wata biyar da addu'a.

Ana saura kwana kaɗan Ista, da hadarin farko ya taso ta wajen duwatsu, Mai Tabo ta kwanta a gindin mangwaro ta haihu da hantsi. Ɗaya ne, fari, kunnen hagu baƙi. Afiniki ta tsaya daga nesa tana addu'a.

Malam Gilbert ne ya ajiye rediyonsa, ya je ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa. Ya ɗaga ƙafar baya, ya duba, ya goge tabarau ya sake dubawa.

"Maman Serah, mace ce."

"Ka tabbata?"

"Zo ki yi makin da kanki."

Ta zo ta duba. Wannan karon Malam ya ci jarrabawa.