Kawu Isiyaku da Hura Koko

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku a shekarunsa na ƙarshe ya san bakin nan nasa. Kana gaishe shi zai ɗaga maka hannu, ya ja iska ta hanci, ya tsuke baki ya huro ta fuuu a hankali, sannan ya ce, "Lafiya lau." In sauri kake yi, kai ka jiyo.

Can asibiti a Shika ya koyo wannan. Hayaƙin gidan burodin da ya yi wa aiki a Sabon Gari ne ya cinye masa huhu, har ta kai in ya ɗauki lasifika zai kira salla a masallacin unguwarmu a Samaru, tari ke riga shi fita. Dattawa suka ba wani matashi ladancin. Abin ya ci wa Kawu rai. Shi ya sa ma ya yarda na kai shi wajen masu koyar da numfashi da motsa jiki, mutumin da ko allura ba ya yarda a yi masa.

Ranar farko ma'aikaciyar wurin, Sista Rifkatu, ta ce, "Baba, ka fitar da iska kamar kana hura koko mai zafi."

Ya ce, "To ina kokon?"

"Ai misali ne, Baba."

"Ni ban taɓa ƙoshi da misali ba."

Tun daga ranar, in za mu je sai da koko a fulas. Sauran marasa lafiya na hura iska, Kawu na karin kumallo.

Sai ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ya ce, "Zuwa ina?"

"Ko'ina, Baba, ka je ka dawo."

"A'a 'yata, mahaukaci ke tafiya babu aike."

Muna komawa gida ya ƙwace cefane daga hannun matarsa, Inna Asabe. To amma wane irin cefane! Ya je kasuwar Samaru ya sayo albasa, ya dawo ya huta, ya koma sayo tattasai. Inna ta gaji ta ce, "Haba Malam, miyar nan za ta dahu yau kuwa?"

Ya ce, "Ki tambayi Sista."

Ana nan, wata la'asar ladanin ya tafi ƙauyen Jama'a ta'aziyya, sai Kawu ya miƙe. Liman ya ce, "Malam Isiyaku, za ka iya kuwa?"

"Zan iya, in dai ba mai sauri."

Jama'a, ban taɓa jin kiran salla mai tsawon wannan ba. Ya yi kabbara, ya tsaya ya huta abinsa, ya ɗora. Wallahi wanda ya shiga wanka ya fito, ya sa riga, ya iso masallaci, Kawu bai idar ba. Amma ko tari ɗaya bai yi ba.

Liman ya ce, "Malam, saura kaɗan ka haɗa mana da magariba."

Ya ce, "Ai yau babu mai cewa ya rasa raka'ar farko."

Da muka fito na ga idonsa ya yi ja, ban tambaye shi ba. Bai sake kira ba, damina na shigowa ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu. Wahalar numfashin da ya sha, Allah ya sa kaffara ce, ya yalwata masa kabarinsa.