Ranar da Kakana Ya Sa Ni Kuka

Jiya maƙwabciyata ta shafa man zafi a gwiwa, warinsa ya biyo iska ya shigo ɗakina, sai na ga kaina a zauren kakana a Tudun Wada, ina 'yar shekara goma sha uku.

Kakana tsohon malamin makaranta ne, a can ya koyi ces, wasan da mutanen unguwa ke kira darar Turawa. Duk gidan ni kaɗai na iya, don ni kaɗai ce ba na jin kunyarsa. Kun dai san jika da kaka. Yana ce mini amarya, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ni sarkin gaggawa ce, da an fara sai in kwashi dakaruna in yi kan sarkinsa. Shi kuwa ja da baya yake yi, ya yi ta toshe ƙofofi har in gaji.

Da damina ta tsaya a shekarar, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kullum a shafe shi da man zafi, a jingina shi da bango. Babana da ƙannensa suka yanke cewa hankalinsa ma ya tafi, za a rufe gidan a mayar da shi Hanwa wurin babana. A gabansa suke wannan shawara, kamar suna maganar buhun masara. Ba mugunta ba ce, tausayi ne ya rufe musu ido. Amma na ga yadda yake kallon ƙofar ɗakin marigayiya kakata, abin ya yi mini ciwo.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ruwa na dukan kwano, ya nuna allon wasan da haɓa. Babana ya matso kusa da kunnena ya ce, “Ki bar shi ya ci, kin ji ko?”

Na ce to, amma a baki kawai. Ban taɓa raga wa tsohon nan ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Na aika dawakaina biyu da sarauniya, na bi su da hasumiya ɗaya. Ya yi ta janyewa da hannun hagu, wani lokaci har ya ture soja sai na tayar masa. Ya tattara komai kewaye da sarkinsa a lungu. Na yi ta buga ƙofa, ba ta buɗe ba. Ban lura ba ashe na bar nawa sarkin a bayan sojoji uku, da mai gadi ɗaya tak.

Sai ya sauko da sarauniyarsa har layina na ƙarshe, ta tsaya wa sarkina. Dole na cinye ta da hasumiyar da ta rage. Hasumiyarsa, wadda tun ɗazu nake ganin tsaro kawai take yi, ta biyo hanyar ta cinye tawa. Sarkina ya rasa inda zai sa ƙafa.

Babana ya yi murmushi ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Wato shi a zatonsa umarninsa na bi. Haushi biyu ya taru mini, na kaye da na wannan godiya, na fashe da kuka ina cewa wallahi ban bar masa ba. Babana ya san ni, ya san ba na kukan ƙarya a kan wasa. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya durƙusa ya ce, “Malam, kana son tafiya Hanwa?” Kakana ya girgiza kai. A ɗakinsa ya yi sauran shekarunsa huɗu.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya, babana kuma shi ne tsohon. Watan jiya muna zaune da ƙannena muna tsara wanda zai ɗauke shi, yana gefe a kujera, kunne ya yi nauyi. Shi bai iya ces ba, ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Kunya ta kama ni. Na katse maganar, na matsa kusa da shi na ɗaga murya na ce, “Baba, kai me ka gani?”