Akwatin da ke rubuta lokaci

Shekarar da nake digiri na biyu, na haɗa wani akwati da hannuna. Faifai biyu ne a ciki, ɗaya kan ɗaya, masu gane wasu ƙananan ƙwayoyi da ke saukowa daga sararin sama dare da rana, suna ratsa rufi da jikin mutum ba a ji. Na rubuta wa kwamfuta manhaja: duk ƙwayar da ta ratsa faifan biyu tare, ta rubuta lokacin har daƙiƙa, ta yi ƙara ƙit. Ƙarar nan ba ta da wani amfani, burga ce kawai irin tawa.

A gidanmu na Wurno wuta ba ta tsayawa, sai na kai shi ƙauyen kawuna, gaba da Rabah, don yana da sola ta ban ruwa. Na ajiye shi a shagonsa da ke kallon hanya, na zauna ina kula da shi. Ban yi tunanin cewa sau biyu 'yan bindiga suna tare motocin kasuwa a hanyar nan ba, kuma garin na neman mai kai wa 'yan bindigar labari.

A sati na shida, da hantsi, 'yan sa-kai biyar suka shigo. Babbansu dattijo ne mai furfura, bindigarsa ƙirar gida. Ya duƙa ya dubi jerin lokutan da ke gangarowa a fuskar kwamfuta.

"Wanga abu mi shika rubutawa?"

Na ce lokacin da ƙwayoyi ke wucewa ne.

"Lokacin da motoci ka wucewa dai," in ji shi. "Wa kaka aika ma?"

Na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ba a kai shi gaban kowa, bayan gari ake kai shi. Na shiga bayani, ina jin kaina ina zuba Turanci kamar wawa. Ƙit. Wani ya gyara riƙon bindigarsa. Na nemi kawu da ido, yana bakin ƙofa ya sunkuyar da kai.

Da ƙyar na ce, "Baba, ku zamna ku duba hanya. In mota ce shika ƙirga, ba ya kuka sai ta wuce."

Dattijon ya zauna. A raina ina roƙon Allah kada ko jaki ya gifta. Ƙit, hanya fayau. Ƙit. Sai ga motar albasa daga wajen Goronyo, ta taho a hankali kamar da gayya. Ta wuce, akwatin bai ce komai ba. Ƙwayoyin nan ba su da ƙa'ida. Da ɗaya ta faɗo a daƙiƙar nan, da shi ke nan.

Dattijon ya juyo gare ni. "Goge shi duka, ina gani. Ka bar garinga kahin azahar."

Na goge aikin sati shida. Ko ɗigon baƙin ciki ban ji ba.

Kawu ya raka ni bakin hanya, akwatin a kansa. Sai da mota ta tsaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na kira su. Ni ma ban san mi kaka yi ba, kuma ina da ɗiya cikin garinga."