Tukunyar Jego a Ƙofar Gidan Yari

Malam Edita, bari in hutar da masu karatu: in suna neman wawan labarin nan, ni ne. A shekarun da kuɗin mai ya fashe a ƙasar nan ina gandiroba a wani ɗan gidan yari a Wudil. A aji huɗu na tsaya, amma in na ja bel na rungumi littafin dokoki, ko lauya sai ya matsa. Rabin Turancin ciki ban gane shi ba, sauran rabin kuwa ni nake ƙarasa shi da ka.

Aka kawo mana wata mai sayar da tuwo daga Utai da tsohon ciki, wai ta fasa wa wani ɗan kamasho kai da muciya a kasuwa. Alƙali ya tafi Makka, aka ce ta jira. Ba mu da gandiroba mace, ba mu da ɗakin mata, sai wani sito da muka kwashe buhunan dawa. A nan ta haifi namiji a kan siminti, matar mai shara ta yanke cibi.

Washegari sai ga uwarta da jaki, an labta masa itace da tukunya da ganyen darbejiya. Ta durƙusa tana ranka ya daɗe, ta ce ba saki take roƙo ba, a dai bari ta yi wa 'yarta wankan jego, ta dama mata kunun kanwa. Shugabanmu ba ya gari, ni ne gwamnati. Na buɗe littafi na duba gaba da baya, ban ga jego ba, na ce haramun ne. Tsohuwar ta kafa murhu a bayan katanga. Kullum ta kawo ruwa yana tururi sai in ce ta jira lokacin bincike, har ya huce. Kunun ma da kulkina nake jujjuya shi, wai neman zarto. Ranar suna wanzami ya zo, na kore shi saboda aska makami ce. Ba a raɗa suna ba.

Zazzaɓi ya kama mai jegon, nono ya ƙafe, jaririn ya koma shan ruwan sikari a cokali. Ana hango asibiti daga ƙofarmu, amma na ce sai da izini daga Kano. Kwana biyu ina gyaran Turancin wasiƙar don kada a raina ni. Amsa ta iso bayan mun binne mai jegon mun dawo daga maƙabarta.

Yau shekaruna sun kai inda ba a tambaya, kuma jikata da ke aikin jinya ta ce har yanzu ana haihuwa a bayan ƙarfe, ba siton da ya rasa mai gadi irina. Ban ce za a gyara ba. Amma duk wanda aka damƙa wa mabuɗi, in ya ga mai jego, ya rufe littafi ya buɗe ƙofa, a kore shi in ana so. Ni ba a kore ni ba, igiya ma aka ƙara mini a kafaɗa.

Bayan jana'izar nan, da na miƙa wa tsohuwar jikanta, na gyara tsayuwa na shaida mata cewa hukuma ta sallame shi, tunda ba shi da laifi. Ta goya shi, ta ɗaure majanyi, sannan ta dube ni.

“Kwana goma sha tara kafin ka gane haka, ɗan nan? Da uwarsa ta san ranta ne belinsa, da tun ranar farko ta ba ku.”