Damƙa ta Goma Sha Biyu

Matso nan kusa, ajiye wayar nan, in ba ka labarin wata mai girki a wani ƙaramin asibiti. Marasa lafiya ne suka laƙa mata suna Ba-Suga, don ko birgima za ka yi a ƙasa ba za ta zuba maka ko rabin cokali ba.

Shekara ashirin da huɗu tana haɗa wa ɗakin masu ciwon suga da hawan jini karin kumallo, kuma kullum ots ne, hatsin nan na Turawa. Ta jiƙa shi, ta dafa da madara marar kitse, ta murje ayaba a ciki, ta barbaɗa kirfa. Ran da ta tashi da nishaɗi sai ta kwaɓa shi da ƙwai ta gasa musu biskit.

Ba ta awo da kofi. Hannu take zurawa a buhu, damƙa ɗaya mutum ɗaya, kuma ba ta ƙirgawa, hannun ne ke tsayawa da kansa. To ga abin da ke tayar da tsigar jiki. Duk ranar da tukunya ta ƙare saura kwano ɗaya bai cika ba, in ta hau sama ɗakin marasa lafiyar sai ta tarar wani ya kau da kai ya ce ba ya ci, kafin la'asar kuwa ya cika, an naɗe katifarsa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Rai na Allah ne, ita wace ce?

Ana haka aka kwantar da yayanta, tsohon tela, a gado na ƙarshe kusa da taga. Bakinsa ba ya shiru.

"Auta," yake ce mata, "wannan abin naki ko doki aka ba sai ya kai ƙara."

"Ci dai, Yaya. Suga ce ta kawo ka nan, ba ni ba."

Wata safiya gadaje goma sha biyu a cike, ludayinta ya kankare gindin tukunya a kwano na sha ɗaya. Ta tura keken abinci ta hau. Na farko ya karɓa. Na biyu ya karɓa. Haka har ta zo taga, keke fayau, Yaya ya juya wa ɗakin baya.

"Auta, bar shi. Yau ba na jin ci."

Ba ta san lokacin da ta sauko ba. Ta zura hannu a buhu, yatsun suka ƙi rufuwa, suka yi sanyi ƙalau kamar na wani. Sai da ta sa hagu ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebo damƙa ta goma sha biyu. Ta dafa, ta hau, ta tallafo kansa.

"Buɗe baki, ko in kira Sista ta ga ƙato yana shagwaɓa."

Ya ci cokali bakwai. La'asar ta yi, ta wuce, ba a naɗe katifar kowa ba.

Washegari hannun ya sake tsayawa saura ɗaya, ta sake lanƙwasa shi. Yau wata bakwai ke nan. Likita ya ce bai gane ba, mutumin ba ya warkewa, ba ya kuma taɓarɓarewa. Ita kuwa ko safiya ɗaya ba ta taɓa fashi ba, hannun damanta ya rame ya bar na hagu, ko a bakin wuta ba ya ɗumi.

Jiya shugabar nas-nas ta ce dole ta tafi hutu ranar Litinin, an samo wata mai awo da kofi. Da ta kai wa Yaya kwanonsa bai yi tsiyar da ya saba ba. Ya daɗe yana kallon hannun nata.

"Auta," ya ce a hankali, "na gaji fa. Har yaushe za ki riƙe ni?"

Litinin ɗin jibi ce. In kai ne ita, za ka zo aiki?